Shafin Ƙarshe

Lokacin da muke sakandare, duk abin da na sani game da Amurka daga littattafan James Hadley Chase na samo shi. Haya muke karɓowa, a yi ta yawo da littafi hannu zuwa hannu har bangonsa ya cire. Sai da na girma na gane ashe mutumin ɗan Ingila ne, bai taɓa zama a Amurka ba, da taswira da ƙamus ya riƙa gina garuruwansa. Abin da ya sa muke son sa shi ne, komai wayon mugu, kafin shafin ƙarshe sai dubunsa ta cika. Ka rufe littafi, ka yi barci da daɗi.

Da wannan sabon na ɗauki tarihin rayuwar Malcolm X, wanda shi da Alex Haley suka rubuta, ya fito a 1965. Tun babin farko aka tsinci mahaifinsa rai a hannun Allah a kan layin jirgin cikin gari a Lansing, a 1931, daga bisani ya cika. Hukuma ta ce hatsari ne, iyalinsa suka ce Turawa masu ƙin baƙar fata ne suka kashe shi. Na yi ta buɗe shafi ina jiran ɗan sandan cikin da zai tono gaskiya. Shiru kake ji.

Daga nan na koma kan Eyes on the Prize na Juan Williams, na ci karo da labarin Emmett Till, yaro ɗan shekara 14 da aka kashe a Misisifi a 1955, aka jefa gawarsa a kogi. An kama mutum biyu, amma masu yanke hukunci, dukkansu Turawa, suka wanke su cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. A watan Janairun 1956 mutanen nan suka amsa laifinsu a mujallar Look, har aka biya su kuɗi, don sun san doka ba ta yarda a sake gurfanar da su a kan laifin ba. Wallahi mai karatu, ranar kasa cin abinci na yi.

Shi kansa Malcolm an harbe shi ranar 21 ga Fabrairu, 1965, a Niyok. An ɗaure mutum uku. Sai a 2021 kotu ta wanke biyu daga cikinsu, Muhammad Aziz da Khalil Islam, bayan kowannensu ya yi shekara 20 ko fiye a kurkuku. Khalil bai ji wannan hukunci ba, ya rasu tun 2009. Allah Sarki!

Har yau ina karanta Chase idan zuciya ta gaji. Amma na daina neman irin shafinsa na ƙarshe a littafin tarihi. Wancan shafin yana wurin Alƙalin da ba a yi masa ƙarya. Allah Ya bi wa wanda aka zalunta haƙƙinsa, amin.