Daga Hanyar Goro Zuwa Intanet: Wa Ke Riƙe Maka Kaya?

 Idan kana zaune a Kpébié cikin Parakou ka tura wa dillalinka na Djougou hoton bijimi, ka taɓa tambayar kanka ta ina hoton nan ya bi, kuma a hannun wa ya yada zango? To, bari mu koma baya kaɗan.

A ƙarni na 19, ayarin fatake kan taso daga Kano da Sakkwato, su ratsa ƙasar Borgu, su sauka Djougou, sannan su miƙa Salaga ta ƙasar Gwanja sayen goro. A Djougou baƙo yakan sauka unguwar Wangara wurin mai masauki. Shi zai ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya karɓar masa saƙo idan ba ya nan. Fatauci ya tsayu ne kan abu uku: hanya, masauki da amana. Intanet ma haka take.

Ita intanet hanya ce da ke haɗa kwamfutoci da wayoyi. An fara ta a Amurka a 1969 da cibiyoyi huɗu kacal. A 1971 wani injiniya, Ray Tomlinson, ya aika wasiƙa daga wata kwamfuta zuwa wata, ya sa alamar @ a tsakiyar adireshi. Wannan ce imel. Abin da ke gaban alamar sunanka ne, na bayanta kuma sunan gidan da ke karɓar maka wasiƙu, kamar a ce wane na gidan wane. A 1989 Tim Berners-Lee, Baturen Ingila da ke aiki a Janeba, ya fito da tsarin shafukan da muke buɗewa yau.

Kowane shafi yana zaune ne cikin wata babbar kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, wadda ake kira uwar garke. Kamfanin da ya mallake ta yakan ba ka hayar wuri, ka biya duk wata ko duk shekara. Shi ne mai masaukinka. Sunan shafi ma haya ne, ranar da ka daina biya wani na iya ɗauka. Dubi wutsiyar sunan kamar yadda kake duba shaidar jikin saniya: .bj ta Benin ce, .ne ta Nijar, .ng ta Najeriya, .tg ta Togo.

Intanet ta shigo Benin a ƙarshen 1995, lokacin taron ƙolin ƙasashe masu amfani da Faransanci da aka yi a Kwatano. Hukumar gidan waya da tarho ce ta riƙe ta, kuma a farko sai 'yan birni ƙalilan ke samu. A 2002 wayar ƙarƙashin teku mai suna SAT-3 ta fara aiki, tana da mashiga a Kwatano. Daga can aka ja waya ta yi arewa, ta Parakou zuwa Malanville, ta tsallaka Gaya. Ka ga ke nan saƙonka ba a iska kawai yake tafiya ba. Daga wayarka sai dogon ƙarfen rezo, daga nan sai waya a ƙasa, sau da yawa har ƙetaren teku kafin ya dawo Djougou.

Hanya kuwa takan yanke. A Yulin 2009 SAT-3 ta lalace, Benin da Togo da Nijar da Najeriya duk suka ji a jika. Ranar 28 ga Afrilun 2019, ranar zaɓen 'yan majalisa, an rufe intanet a Benin. A Maris ɗin 2024 wayoyin teku da dama suka katse, harkoki suka tsaya cak a ƙasashen yankin. Saboda haka kada lissafin bashinka da lambobin abokan cinikinka su zauna a waya kaɗai. Rubuta su a littafi ma.

Saura amana. Da yawanmu yaron shagon waya ne ya buɗe mana imel, shi ya zaɓi kalmar sirri, wani lokacin ma lambarsa ya sa. Ranar da wayarka ta faɗi a kasuwar Arzèkè, ko ta nutse wajen tsallaka rafi da shanu, da wannan kalma da wannan lamba ne kawai za ka dawo da abin da ke ciki. Idan suna hannun wani, to mabuɗin ɗakin kayanka na hannunsa. Ka sa a buɗe da lambarka, ka canza kalmar sirrin da kanka, kada ka faɗa wa kowa ita ko lambobin da ake turo maka ta saƙo, ko da ya ce daga kamfani yake.

Kakanninmu ba sa sauke kaya a gidan da ba su san mai shi ba. A mako mai zuwa za mu duba tarihin aika kuɗi ta waya tsakanin sefa da naira. Allah Ya tsare hanya, Ya ba da kasuwa.