Merino: Sunan Mai Karɓar Haraji Da Ya Bi Tumaki Duniya

Kai da ke kora garke, da kai da ke tsallaka iyaka da kaya, yau shirin tarihi ya leƙa ƙasar Sifaniya. In kana sauraron labarin ƙwallo, ka taɓa jin Mikel Merino, wanda ya zura wa Jamus ƙwallo a minti na 119 a gasar Turai ta 2024. To, sunan nan nasa yana da alaƙa da sana'arka.

Merino asalinsa sarauta ce. Kalmar ta fito daga Latin, "maiorinus", wato babba a cikin jama'a. A masarautun Kastila da Nabara, merino shi ne wakilin sarki a gunduma: ya yi shari'a, ya kama mai laifi, ya tara haraji. Ka ɗauke shi kamar hakimi. Ƙasar da yake riƙe da ita ana ce mata "merindad", kuma har gobe yankin Nabara, inda aka haifi ɗan ƙwallon, a rabe yake gida biyar da wannan suna. Sannu a hankali laƙabin uba ya zama sunan 'ya'ya da jikoki, kamar yadda za ka ji ana kiran mutum Madaki ko Galadima alhali kakansa ne ya yi sarautar.

Yaya kuma aka yi tunkiya ta samu sunan? Masana sun kasu biyu. Wasu sun ce daga waɗannan jami'ai ne, da yake su ke duba makiyaya. Wasu sun ce daga Banu Marin ne, ƙabilar Barbar makiyaya da suka mulki Maroko daga birnin Fas tun ƙarni na 13 har 1465. Ko ma wanne ne, tunkiyar merino ta yi fice da gashi mai laushi, wanda masaƙan Turai ke rububi.

A 1273 Sarki Alfonso na 10 ya amince da ƙungiyar masu tumaki da ake kira Mesta. Lokacin zafi garke na kan duwatsun arewa, wajen Leyon da Soriya. Sanyi na kawo kai sai a gangara kudu, Estiremadura da Andalus. Tafiyar makonni ce, saboda haka doka ta yanka musu burtali, babbansa faɗin mita 75, ba mai ikon sa garma a ciki. A farkon ƙarni na 16 tumakin Mesta sun kai miliyan 3. Fataken garin Burgos su sayi gashin, a loda a jirgin ruwa a Bilbao, sai kasuwannin Filandas.

Sarakuna sun tsare wannan dukiya da ƙarfi. An daɗe ana hukuncin kisa ga wanda ya fitar da tunkiyar merino da rai daga ƙasar. Amma kai ma ka sani, iyaka ba ta riƙe abin da kasuwa ke nema. Sarakunan da kansu suka buɗe ƙofa: a 1765 aka aika garke zuwa Saksoni ta Jamus, a 1786 wani ya tafi Faransa. A 1797 merino ta sauka Ostireliya, ga shi yau ita ce kan gaba a duniya wajen wannan gashi.

A gida kuma rigima ta ci Mesta. Gatan da aka ba ta ya yi yawa, manyan masu garke suka fi cin moriyarsa, manoma suka yi ta kuka kan gonakinsu. Da farashi ya faɗi, ba ta samu mai tare mata faɗa ba, aka rushe ta a 1836. Daga nan gonaki da gine-gine suka shiga cin burtali. Sai a 1995 wata doka ta sake tabbatar da cewa hanyoyin nan, kimanin kilomita 125,000, mallakar jama'a ne. Tun 1994 makiyaya ke ratsa tsakiyar birnin Madrid da tumaki a lokacin kaka, su biya ɗan kuɗin wucewa bisa yarjejeniyar 1418, don kada a manta hanya tasu ce.

Ka ga dai, ɗan'uwa: sarautar merino ta mutu, Mesta ta mutu, suna da burtali suka rage. Burtalin ma rubutacciyar doka ce ta cece shi, bayan an sha wahalar raba makiyayi da manomi. In an kira taron shata burtali a garinku, kada ka ce aikin manya ne. Je ka zauna, a auna faɗinsa a gabanka da gaban mai gona, a rubuta, kowa ya sa hannu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare garke da kaya a hanya.