Furen okid: daga bakin Kwara zuwa ɗakunan gilashin Ingila

A Tsafe, ko Gusau, ko Bunguɗu, idan magidanci ya haƙa rami a tsakar gida, zogale zai sa, ko gwanda, ko lalle, ko darbejiya don inuwa. Shuka abin da ba a ci, ba a jiƙa wa mara lafiya, sai dai a zauna a kalla, yawancinmu aikin masu hali muka ɗauke shi. Amma akwai wani dangin furanni da mutane suka zubar da dukiya a kansa, wasu har suka rasa rayukansu, kuma wani babi na tarihinsa ta kogin Kwara ya biyo. Sunansa okid.

Dangi ne babba, jinsinsa ya kai wajen 28,000. Wasu a ƙasa suke fitowa, amma mafi yawan na ƙasashe masu zafi a kan bishiya suke zaune. Sai dai ba irin zaman kauci ba. Kauci huda reshe yake yi ya sha ruwan jikin bishiya, shi kuwa okid masauki kawai ya ara, abincinsa daga ruwan sama ne da raɓa da ruɓaɓɓen ganye. Rashin fahimtar wannan zama nasa ya jawo wa Turawa asara ta shekaru masu yawa.

Zazzaɓin okid ya kama Ingila ne bayan 1818, shekarar da wani tsiro da William Swainson ya aiko daga Brazil ya yi fure a hannun wani ɗan kasuwa, William Cattley. Masanin tsirrai John Lindley ya raɗa wa tsiron suna Cattleya don girmama shi. Daga nan attajirai suka shiga gasa. Aka riƙa tura mafarauta tsirrai Kolombiya da Bama da Borneo, suna sare manyan bishiyoyi don kawai su kwashe abin da ke manne a rassansu. Akasarin kayan a teku yake mutuwa, sai da akwatin gilashi na likita Nathaniel Ward ya yaɗu aka samu sauƙi. Wanda ya iso da rai kuma sai a tura shi ɗaki mai murhu, a toshe kowace kafa, a yi ta kwarara masa ruwa, wai a tunaninsu haka dajin ƙasashen zafi yake dare da rana. Dubbai suka ruɓe. Joseph Paxton, shugaban lambun Chatsworth, yana cikin na farko da suka buɗe tagogi, suka bar iska ta ratsa, suka rage zafi, sai ga tsirrai sun rayu.

Ana cikin wannan hali ne gwamnatin Ingila ta turo jiragen ruwa uku, Albert da Wilberforce da Soudan, su hau Kwara a 1841. Manufar ita ce ƙulla yarjejeniyar hana cinikin bayi da sarakunan bakin kogi, da kafa gonar gwaji a mahaɗar Kwara da Binuwai, inda Lokoja take yanzu. A cikin jiragen akwai Samuel Ajayi Crowther, da wani ɗan mishan Bajamushe, J. F. Schön, wanda ya buga littafinsa na kalmomin Hausa a 1843. Akwai masanin tsirrai Theodor Vogel, da wani ma'aikacin lambu, John Ansell.

Tafiyar ba ta yi kyau ba. Sun shiga kogin a watan Agusta, tsakiyar damina, ga sauro. Jirgin Albert ya kai har Egga a ƙasar Nufe, amma zazzaɓi ya riga ya ci ƙarfinsu, Turawa fiye da 40 suka mutu. Sauran suka janye zuwa tsibirin Fernando Po, wanda yau ake kira Bioko. Can Vogel ya rasu a watan Disamba. Ansell ya tsira, kuma a tsibirin ne ya ga wani okid manne a jikin bishiyar kwakwar manja. A 1844 Lindley ya sa masa suna Ansellia africana.

Wannan tsiro ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau, domin namu ne, ya bazu a Afirka tun daga yamma har kudu. Karansa tsaye yake gaɓa-gaɓa, da yawa a dunƙule wuri guda, a ciki yake tara ruwan da zai kai shi ƙarshen rani. Saiwarsa iri biyu ce. Ɗaya mai kauri, ita ke riƙe ɓawon bishiya. Ɗayar siririya, fara, mai tsini, sama take miƙewa, ta taru ta zama kamar kwando, duk ganyen da ya faɗo daga bisa ta tare shi ya ruɓe a ciki. Takinsa ke nan, shi ke haɗa abinsa. Furen rawaya ne da ɗigo-ɗigon ja mai duhu, shi ya sa Turawa ke danganta shi da damisa, kuma reshe ɗaya kan ɗauki furanni da dama. Yana son haske, yana jure fari, abin da ba ya jurewa shi ne saiwarsa ta kwana cikin ruwa.

A wannan shekara ta 1841 ɗin dai, a tsibirin Reunion, wani yaro bawa ɗan shekara 12, Edmond Albius, ya gano yadda ake yi wa furen banila barbara da hannu, da ɗan tsinke da babban yatsa. Banilar da ake ɗiga wa kek da askirim asalinta ɗan wani okid ne, kuma da dabarar yaron nan ake nomanta a Madagaska har gobe. Shi kam a talauce ya mutu.

Masu tara tsirrai ba su fasa zuwa bakin Kwara ba. Charles Barter ya biyo ayarin Dokta Baikie a 1857, jirginsu Dayspring ya daki dutse kusa da Jebba, ya zauna a ƙasar Nufe yana tara samfuri yana aikawa lambun tsirrai na Kew a Ingila, har ya rasu a Rabba a 1859. Amma wanda ya fi kusa da mu shi ne John Dalziel, likita ɗan Sikotlan da ya fara aiki a Arewa a 1905. Ya tara tsirrai a Sakkwato da Kontagora da Katagum da Yola, kuma ya yi abin da na gabansa ba su cika yi ba: ya tambayi mutanen wurin sunan abin da ya tsinka da amfaninsa. A 1916 ya fitar da littafin sunayen tsirrai na Hausa. A rubuce-rubucensa ne aka adana cewa Hausawa na kiran Ansellia da "manta uwa" da "murucin bisa", kuma yana cikin magungunan yaye. Wato tsiron da ake kaiwa gasar furanni a Landan, a nan hannun masu magani da ungozoma yake. Dalziel da John Hutchinson suka rubuta babban kundin tsirran Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1936, sashen okid kuma V. S. Summerhayes na Kew ne ya yi shi. A ciki akwai okid na ƙasa irin su Eulophia da Habenaria, waɗanda ke fitowa a dajin Arewa da fadamu: ƙullutunsu na kwance cikin ƙasa duk rani, da ruwa ya sauka sai su tsiro, wasu ma fure ke riga ganye fitowa.

Abin da ya sauko da okid daga hannun attajirai ba mafarauta ba ne, masu bincike ne. John Dominy na gidan renon tsirrai na Veitch ya haɗa jinsi biyu, ɗansu ya yi fure a 1856. Amma shuka iri ya ci gaba da gagara, domin irin okid ƙura ce zalla, kwanso ɗaya kan ɗauki dubban ɗaruruwa, kuma babu guzurin abinci a cikinsa ko kaɗan. A 1899 Bafaranshe Noël Bernard ya gano cewa sai wani nau'in fumfuna ya shiga irin ya ciyar da shi sannan yake tsira. A 1922 Lewis Knudson na jami'ar Cornell a Amurka ya nuna ana iya yi ba fumfunar, a cikin kwalba mai tsabta da sukari da sinadaran taki. A 1960 Georges Morel ya nuna yadda ɗan tsinin toho guda zai haifar da dubban tsirrai iri ɗaya. Daga nan farashi ya karye. Yau gonakin Tailan da Taiwan da Holan ke cika kasuwannin duniya.

Na daji kuwa ya sha wuya. Yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Nijeriya na cikin ƙasashen farko da suka amince da ita, ta sa dangin okid gaba ɗaya ƙarƙashin kariya, ba a tsallaka iyaka da shi sai da takarda. Ansellia kansa yana cikin jerin tsirran da ake fargabar raguwarsu, saboda sarar bishiyoyi da kwasar masu magani.

A ganina mai son gwada renonsa a Zamfara ya fi Turawan 1820 sa'a, domin hutun rani da iskar da suka yi shekaru suna lalube kyauta muke samunsu. Abokan gabarsa a nan ranar bazara ce da bushewar hunturu. Ya nemi Ansellia ko wani okid mai suna Dendrobium daga masu renon furanni, kada ya ɓamɓaro na daji. Ya sa shi a kasko mai huji da yawa, cikin gawayi da ɓawon itace da fasassun katanga, ban da ƙasa. Ya rataye shi a inuwar mangwaro inda ranar safe ke taɓawa. Da damina ruwan sama ya wadatar, da hunturu yayyafin safe, kuma kada ya ƙara ruwa sai gawayin ya bushe. Idan ya cika kaskon, a raba shi, kowane kashi da kara uku ko huɗu, a ba maƙwabci.