Rage Cin Nama da Zaɓen Abin Sha a Yola da Jimeta

Tsarin cin abinci mai ƙarancin nama shi ne mutum ya dogara ga hatsi, wake, gyaɗa da ganyaye, ya bar nama ko kifi zuwa jefi-jefi. A Turai da Amurka zaɓi ne da ake yi saboda lafiya ko muhalli. A Yola da Jimeta kuwa tsohuwar al'ada ce, wadda tsadar rayuwa ta ƙara wa ƙarfi bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100.

Baƙo zai yi mamakin haka a jihar da ta shahara da kasuwannin shanu irin na Ngurore da Mubi. Amma Bafillace makiyayi ba ya yanka saniyarsa don miya. Nononta yake sha. A Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, kalmar Fulfulde "haako" tana nufin ganye, tana kuma nufin miya. Tuwon dawa ko na masara da miyar yakuwa mai gyaɗa, ko ta tafasa, kuka, lalo da kuɓewa, shi ne abincin yau da gobe. A Jimeta, da ke bakin Kogin Binuwai, busasshen kifi kan shiga tukunya don ɗanɗano, noman rani na Tafkin Geriyo kuma yana kawo ganye da kayan miya kasuwa ko da rani ya yi tsanani.

Abin da nama ke bayarwa na gina jiki ana iya samun mafi yawansa daga tsirrai. Baligi yana buƙatar kimanin giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato giram 48 ga mai kilo 60. A giram 100 na busasshen wake akwai furotin kusan giram 24, a gyaɗa kusan 25, a waken soya da ake awara da shi kimanin 36. Hatsi yana da ƙarancin wani sinadarin furotin mai suna lisin, wake kuma yana da shi da yawa. Saboda haka shinkafa da wake, ko ƙosai da kunu, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, sun fi kowannensu shi kaɗai amfani. Sai dai a kula da gyaɗar da ta yi fumfuna, domin tana ɗauke da gubar aflatoksin mai cutar da hanta, dafuwa kuma ba ta kashe ta.

Giɓin yana wuri biyu: bitamin B12 da sinadarin ƙarfe, wato ayon. B12 ba a dogara da tsirrai wajen samunsa. Yana cikin nono, ƙwai, kifi da nama, baligi kuma yana buƙatar maikrogiram 2.4 a rana. Ayon na ganye da wake akwai shi, amma jiki ba ya tsotsarsa da sauƙi kamar na nama. Wannan ba ƙaramin lamari ba ne a ƙasar da binciken lafiya na 2018 ya gano kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49, da kashi 68 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar, suna da ƙarancin jini. Mai juna biyu, mai shayarwa da yaron da aka yaye su ne bai kamata a janye musu kifi da ƙwai ba sai da shawarar ma'aikacin lafiya.

A nan ne abin shan da ke gefen kwano yake da tasiri. Baƙin shayi, wanda da yawa ke kurɓa da zarar sun cire hannu daga tuwo, yana ɗauke da sinadarin tanin mai hana jiki tsotsar ayon. Gara a jinkirta shi kamar awa guda. Abin sha mai bitamin C yana yin akasin haka: ruwan lemu, gwaiba, ko garin 'ya'yan kuka da aka dama. Kindirmo da fura da nono suna cike giɓin B12. Kunun gyaɗa, wanda mutanen Adamawa suka ƙware a kansa, ya fi kusa da abinci a kan abin sha, don haka ya fi dacewa da abu mara nauyi kamar ƙosai. Zoɓo da tsamiya suna yanke maiƙon ɗanwake ko awara, matuƙar ba a cika su da sukari ba.

A ƙasashen yamma akwai giyar ƙananan masana'antu, inda wasu ke zaɓa wa kowane girki irin giyar da ta dace da shi. Makamanciyarta a Adamawa ita ce burkutu, wadda mata ke dafawa a wasu al'ummun da ba Musulmi ba: a jiƙa dawa ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ta ta yi tsami, a sha cikin ƙwarya kafin ta lalace nan da 'yan kwanaki. Tsiron dawa ya shiga manyan masana'antu ma, tun da gwamnatin tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, har da masu yin lemon malt marar sa maye.

Musulmi, waɗanda suke da yawa a garuruwan biyu, ba sa shan giya saboda haramci, kodayake Adamawa ba ta cikin jihohi 12 da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci. Ta fuskar lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a Janairun 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa. Ga mai rage nama akwai ƙarin dalili: yawan shan barasa yana rage wa jiki bitamin na rukunin B, ciki har da folet, wanda ake buƙata wajen ƙera jini.