Babur da Hanyoyin Karkarar Katsina

Kafin zuwan mota, fatake da jakuna da raƙuma ne ke fita ta ƙofofin Katsina zuwa Gobir da Agadas. Babur ya gaji waɗannan hanyoyi. A shekarun 1980, da mota ta fi ƙarfin talaka, baburan Honda da Suzuki suka yawaita, daga baya Jincheng da Bajaj suka biyo. Mutum ɗaya kan ɗaure jarkar fetur da famfo da kayan faci, ya keta rairayi har Maraɗi.

Matsalar tsaro ta rage wannan tafiya ƙwarai. A 2021 gwamnatin jihar Katsina ta Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta kuma hana sayar da fetur a jarka.