Kumburin Muƙamuƙi da Ƙwayoyin Raji

A ƙauyukan Dambatta da Bichi, inda gona ke manne da gona, idan kuncin yaro ya kumbura akan fara zargin hangum ko ciwon haƙori. Galibi hakan ne. Amma akwai wani kumburin da kan girgiza haƙora, ya turo ido waje, cikin 'yan makonni ya sauya kamannin fuska. Ciwon daji ne. Likita Denis Burkitt ne ya bayyana shi a 1958 daga asibitin Mulago na Kampala, shi ya sa ciwon yake ɗauke da sunansa.

Kafin a gano sanadinsa, sai da masana suka koyi raya ƙwayoyin ciwon a cikin kwalba, suna ciyar da su da ruwan sinadarai. A 1963, a Ibadan, Farfesa Robert Pulvertaft ya ɗebi ƙwayoyi daga muƙamuƙin sama na wani yaro ɗan Nijeriya mai shekara 11. Suka rayu, suka ci gaba da rabuwa, aka raɗa musu suna Raji. A Landan kuma Anthony Epstein da Yvonne Barr suka raya irinsu daga samfurin da Burkitt ke aikowa daga Yuganda. A 1964, tare da Bert Achong, suka hango bairas a cikinsu, na farko da aka danganta da ciwon daji a ɗan Adam.

Sai dai kusan kowane baligi a duniya yana ɗauke da wannan bairas. Me ya sa yaran Afirka suka fi kamuwa da ciwon? Taswirar Burkitt ta nuna cewa yana bin sawun zazzaɓin cizon sauro, wanda ke raunana garkuwar jiki. Binciken da aka yi a Garki, a tsohuwar Jihar Kano, daga 1969 zuwa 1976, ya nuna yadda zazzaɓin ke kama yaran karkara tun suna goye.

Ciwon yana jin magani. Victor Ngu ya yi fice wajen magance shi a Ibadan, har shi da Burkitt suka shiga cikin waɗanda aka bai wa kyautar Lasker a 1972.

Har yau ƙwayoyin Raji suna raye a ɗakunan gwaje-gwaje na duniya, shekara fiye da sittin bayan ɗibarsu. Yaron karkara kuwa makonni kaɗan gare shi. Kumburin da ya ƙi sacewa, a kai shi asibiti tun kafin kasuwa ta sake zagayowa.