Tarihin Kuɗin Asibiti a Najeriya: Me Ya Sa Mai Albashi Ke Gaba Kullum?



Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibitin gwamnati ya san yadda abin yake: kuɗin kati, kuɗin gwaji, kuɗin gado, sannan a rubuta maka magani ka fita waje ka saya. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa. Wannan hali ba yau ya fara ba.

Turawan mulkin mallaka sun fara gina asibitoci ne domin sojojinsu da ma'aikatansu. Wanda sunansa ke cikin takardar albashi shi ake fara dubawa. A Kudu 'yan mishan ne suka ɗauki nauyin talakawa, kamar asibitin Sacred Heart da suka buɗe a Abeokuta a 1895. A Arewa kuwa an taƙaita shigar mishan cikin masarautun Musulmi, sai nauyin ya koma kan baitulmalin En'e, wadda galibi ƙananan asibitocin sha-ka-tafi ta iya ginawa. Giɓin da ke tsakanin Arewa da Kudu a harkar asibiti tun daga nan ya samo tushe.

Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, gwamnati ta zuba su a manyan asibitocin birane, magani kuma ya yi sauƙi. Amma farashin mai ya faɗi, kuma a 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP. Darajar naira ta karye, maganin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada, likitoci da dama suka tafi Saudiyya da Ingila da Amurka. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako cewa mara lafiya ya riƙa biyan kuɗin magani, a juya kuɗin a sayo wani. Hakan ya taimaka magani ya samu a wasu wurare, sai dai wanda ba shi da ko sisi ya koma gida. Ministan lafiya na lokacin, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ya yi ƙoƙari sosai wajen kafa kiwon lafiya a matakin farko, amma an ɗora shi kan ƙananan hukumomi, waɗanda su ne mafi ƙarancin kuɗi.

A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Gwamnatin tarayya, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. A 2005 aka ƙaddamar da inshorar lafiya ta NHIS, sai ga shi ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi cin moriyarta, domin daga albashi ake lissafin kuɗin. Wato tsarin zamanin Turawa ya dawo da sabon suna.

Yanzu mu dubi kanmu. A Sabo ta Ibadan, ko Agege da Mile 12 da Idi-Araba a Legas, mutum nawa ne cikinmu ke karɓar albashi? 'Yan kasuwa ne, da 'yan dako, da masu gadi, da 'yan ga-ruwa. Ciwo ɗaya ko tiyatar haihuwa kan cinye jarin shekaru, daga nan sai karo-karo a masallaci, ko a sa mara lafiya a mota zuwa gida.

Akwai ƙofar da ta buɗe. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowane mazaunin ƙasar, ta kuma tanadi asusu domin marasa galihu. Jihohi ma suna da nasu tsarin da ke karɓar wanda ba ma'aikaci ba, kamar Ilera Eko a Legas da OYSHIA a Oyo. Ya kamata shugabannin ƙungiya da Sarakunan Hausawa su zauna da waɗannan hukumomi, a ji nawa ake biya a shekara, a san abin da ya shiga ciki da wanda bai shiga ba, sannan a yi wa mutanenmu rajista a ƙungiyance. Mun saba da adashe, wannan ma kusan shi ne, sai dai ana zuba shi tun kafin ciwo ya zo.

Allah ya ba mu lafiya, ya bai wa marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.